Ɗan tayi mai gauraye: abin da takardar gwaji ke faɗa wa mai neman haihuwa, da abin da take ɓoyewa

A ƙaddara wata mata ce a Mando mai shekara 39, ta shafe goma sha ɗaya a gidan miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An sha rubutu, an sha jiƙe-jiƙe, daga baya hoton asibiti ya nuna cewa hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifarta sun toshe. Ita da mijinta suka sayar da filin da suka saya a wajen Afaka, suka ranto abin da ya rage, suka kama hanyar Abuja domin a yi musu dashen ƙwai, aikin da aka fi sani da IVF. Bayan kusan mako biyu tana shan allura aka ciro ƙwai, aka haɗa da maniyyin mijinta a ɗakin gwaje-gwaje, uku daga ciki suka rayu har kwana biyar. Cibiyar ta ba su shawarar a ƙara kuɗi a gwada lafiyar 'yan tayin kafin a dasa, suka amince. Da takarda ta dawo, ɗaya an ce ba shi da daidaito, biyun da suka rage kuma an rubuta musu kalmar Turanci guda, "mosaic". Babu ko ɗaya da aka rubuta wa lafiyayye.

Misali ne wannan, ba labarin wata takamaimiyar mata ba, amma tambayar da ke gabanta tambaya ce da ma'aurata ke fuskanta a duk ƙasar da ake wannan gwaji: a dasa waɗannan biyun, ko a watsar da su a sake sabon lale? Kafin 2015 amsar kusan ko'ina ɗaya ce, a watsar. Binciken da aka tara tun daga lokacin ya nuna cewa cikin waɗanda aka riƙa watsarwa akwai masu yawa da za su iya zama lafiyayyun jarirai. A Najeriya kuwa, inda babu dokar tarayya da ke tsara wannan sana'a, wanda ke yanke hukuncin sau tari shi ne tsarin cikin gida na cibiyar da aka je, kuma ma'auratan ba lallai ne su san da wani zaɓi ba.

Daga ina gaurayen ke fitowa

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, wato ƙunshin bayanan gado, a jere biyu-biyu har kashi 23. Rabi daga uwa suke zuwa, rabi daga uba. Idan aka samu ƙari ko ragi a wannan adadi, yawanci ɗan tayi ba ya kama mahaifa, ko ya kama ya zube. Kimanin rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko wannan ne sanadinsa. 'Yan kaɗan ne ke kaiwa haihuwa, kuma mafi shahara a cikinsu ita ce larurar Down, inda kuromosom mai lamba 21 ke zama uku maimakon biyu.

Kuskuren iri biyu ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne gaba ɗayan maganar. Na farko yana faruwa tun a cikin ƙwan mace, wani lokaci a maniyyi, kafin su haɗu. Tun da daga wannan haɗuwar kowace ƙwayar halitta za ta samo asali, kuskuren zai bi su duka. Wannan nau'in yana ƙaruwa da shekarun mace. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2014, wanda ya duba samfuri sama da 15,000, ya nuna cewa kusan ɗaya bisa uku na 'yan tayin mace mai shekara 35 ba su da daidaito, a shekara 40 kuma sun haura rabi.

Na biyu yana faruwa ne bayan haɗuwa. Ƙwai da maniyyi lafiya lau, amma a lokacin da ƙwayar farko ke rabuwa biyu, biyu zuwa huɗu, huɗu zuwa takwas, sai wata ta yi kuskuren rabo, ɗaya ta tafi da 47, 'yar'uwarta da 45. Zuri'ar waɗannan za ta ci gaba da ɗauke da kuskuren, sauran kuma suna nan da 46 ɗinsu. Ɗan tayin ya zama dabbare-dabbare ke nan, wani sashe daidai, wani sashe ba daidai ba. Shi ne mai gauraye. Wannan nau'in bai cika bin shekarun uwa ba.

Yadda ake gwajin shi ne abin da ya kamata kowa ya fahimta kafin ya biya kuɗinsa. A kwana na biyar ko na shida ɗan tayi yana kama da 'yar ƙaramar ƙwallo mai ƙwayoyin halitta ɗari da wani abu. Ɓawon waje shi ne zai zama mabiyiya, ɗan dunƙulen da ke ciki kuma shi ne zai zama jariri. Ba a taɓa dunƙulen. Daga ɓawon ake tsinko ƙwayoyi biyar zuwa goma, a daskarar da ɗan tayin, a aika samfurin ɗakin gwaji. Sunan gwajin PGT-A. A can ba a ƙirga kuromosom ɗin kowace ƙwaya ita kaɗai. Narkar da su ake yi gaba ɗaya, a ninka sinadarin gadon da ke ciki domin ya isa aunawa, sannan na'ura ta ƙiyasta. Idan ta karanta biyu, lafiya. Idan ta karanta uku ko ɗaya, babu daidaito. Idan ta karanta wani abu a tsakani, kamar biyu da ɗigo uku, sai a ce mai gauraye ne, a fassara cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na ƙwayoyin da aka tsinko ba su da daidaito.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Kawo ya san ƙarfen nan da ake soka wa buhu a zubo ɗan kaɗan a tafin hannu. To a nan an soka a gefen buhu sau ɗaya tak, an niƙe abin da ya zubo ya zama gari, sannan daga launin garin ake hasashen abin da ke tsakiyar buhun. Launin na iya fitowa daga gaurayen gaske, yana kuma iya fitowa daga injin niƙan, domin lalacewar ƙwaya a lokacin tsinkowa da rashin daidaiton ninkawa duk suna haifar da irin wannan karatu na tsaka-tsaki. Ƙari a kan haka, ɗakunan gwaji ba su yi ittifaƙi a kan iyaka ba. Wasu suna kiran duk abin da ke tsakanin kashi 20 zuwa 80 mai gauraye, wasu kuma tsakanin 30 zuwa 70. Ɗan tayin da ya nuna kashi 25 lafiyayye ne a wani ɗaki, abin zargi ne a wani. Shi ya sa yawan masu gauraye da ake samu ke bambanta daga ƙasa da kashi 5 a wata cibiya zuwa sama da kashi 20 a wata.

Jarirai shida a birnin Rum

A watan Nuwamba na 2015 likitan Italiya Ermanno Greco da abokan aikinsa suka wallafa wata gajeriyar wasiƙa a mujallar New England Journal of Medicine. Mata 18 ne waɗanda ba su da ko ɗan tayi guda da gwaji ya ce lafiyayye, aka yi musu bayani, suka zaɓi a dasa musu masu gauraye. Shida daga cikinsu suka haifi jarirai lafiyayyu, kuma gwajin da aka yi lokacin da suke da ciki bai nuna gaurayen ba. Adadin ƙarami ne, amma ya isa ya rusa abin da aka ɗauka tabbas ne.

Daga nan cibiyoyi a ƙasashe daban-daban suka fara gwadawa suna tara sakamako. A 2021 Manuel Viotti da wasu masu bincike suka fitar da sakamakon dashen masu gauraye 1,000, suka kwatanta da na lafiyayyu 5,561. Cikin lafiyayyun, kashi 57.2 cikin 100 sun kama mahaifa, kashi 52.3 kuma cikin ya ɗore ko an haihu. Cikin masu gauraye, kashi 46.5 sun kama, kashi 37 sun ɗore. Ɓari ya tashi daga kashi 8.6 zuwa 20.4. Binciken ya kuma nuna cewa masu gauraye ba a jaka ɗaya suke ba. Waɗanda matsalar ta shafi guntun kuromosom kawai sun fi kusa da lafiyayyu. Cikin waɗanda ta shafi cikakken kuromosom, idan gaurayen bai kai rabi ba kashi 36.1 ne suka ɗore, idan ya kai rabi ko ya wuce kuma kashi 19.3. Mafi rauni su ne waɗanda kuromosom da yawa suka rikice a lokaci guda.

Kashi 37 ya gaza 52, babu musu. Amma macen da ba ta da lafiyayye ko ɗaya ba da 52 take kwatantawa ba. Abin da ke gabanta shi ne 37 ko kuma komawa gida hannu rabbana, da neman wasu miliyoyin domin sake zagaye alhali shekarunta sun ƙaru.

Irin wannan bincike na waiwaye yana da wani aibi da masu yin sa ma suka amince da shi. Wa ake dasa wa mai gauraye? Macen da ba ta da wani zaɓi, ko wadda aka riga aka dasa wa lafiyayyu suka ƙi kamawa. Wato tun farko an zaɓo mata masu wuyar sha'ani, don haka ba a san ko raunin daga ɗan tayin yake ko daga mahaifar ba. Domin kauce wa wannan, Antonio Capalbo da tawagarsa a Italiya suka yi wata dabara. An gwada 'yan tayi, amma duk wanda gaurayensa bai kai rabi ba aka sa shi a layin waɗanda za a iya dasawa, ba tare da likita ko majinyaciya sun san wane ne wane ba. Sai bayan an haihu aka buɗe takardu. An dasa lafiyayyu 484, masu ƙaramin gauraye 282, masu matsakaici 131. Haihuwa ta tsaya tsakanin kashi 42 zuwa 43 da ɗoriya cikin 100 a duka rukunan uku, ɓari ma bai bambanta ba, kuma ba a ga gaurayen a cikin waɗanda aka gwada ba, ko a ciki ko bayan haihuwa. Sun kuma ɗauki 'yan tayi 73 da aka bayar domin bincike, suka yanka kowanne kashi biyar suka gwada. Inda samfuri guda ya nuna gaurayen da bai kai rabi ba, kashi 1 cikin 100 ne kawai aka samu irin kuskuren a wani sashe na ɗan tayin. An wallafa wannan a ƙarshen 2021.

A ganina wannan binciken ya fi na farko nauyi, duk da cewa adadinsa bai kai ba, domin shi ne ya toshe ƙofar zaɓe. Abin da bai amsa ba shi ne makomar masu gaurayen da ya wuce rabi, tun da ba su shiga cikinsa ba.

Ta yaya ɗan tayi mai ƙwayoyi marasa daidaito ke zama lafiyayyen jariri? Amsa mafi sauƙi ita ce wadda yankan nan kashi biyar ya nuna: kuskuren ɗan tabo ne a ɓawo, ko ma na na'ura ne, dunƙulen ciki bai san ana yi ba. Akwai kuma amsa ta biyu. Farfesa Magdalena Zernicka-Goetz ta Jami'ar Kambirij ta sha ba da labarin cewa tana da ciki bayan ta haura shekara 40, gwajin mabiyiya ya nuna kusan rubu'in ƙwayoyin ba su da daidaito, amma ta haifi ɗa lafiyayye. Wannan ya sa ta koma ɗakin bincike. A 2016 tawagarta ta nuna a jikin ɓeraye cewa idan aka haɗa ɗan tayi da rabin ƙwayoyi lafiyayyu da rabi marasa daidaito, marasa daidaiton da ke cikin dunƙule suna mutuwa, lafiyayyun su cike gurbi. Ɓera ba mutum ba ne, kuma da magani aka haddasa kuskuren, amma binciken ya ba da hanyar fahimtar abin da likitoci ke gani.

Haɗarin da ya rage

Kada mai karatu ya tashi da tunanin cewa babu komai. A 2020 likitoci a Istanbul suka ba da rahoton jaririyar da aka haifa bayan dashen mai gauraye a kuromosom mai lamba 2, kuma aka samu ɗan ragowar gaurayen a jininta, duk da cewa lafiyarta ƙalau. An samu wasu rahotanni 'yan ƙalilan inda kuskuren ya bi ciki har ya haifar da nakasa. Alƙaluman da aka tara zuwa yanzu suna nuna cewa a kusan ciki 1 cikin 100 ne gaurayen ke ɗorewa. Likitoci sun fi taka-tsantsan da kuromosom 13, 18 da 21, domin su ne ake iya haihuwar jariri da ƙarinsu, da kuma wasu irin su 7, 14, 15 da 16 da aka san suna da alaƙa da rashin girman jariri a ciki ko wasu larurori na gado. Sannan yaran farko da aka haifa ta wannan hanya da sani yanzu ne suke kusan shekara goma, don haka bayanin lafiyarsu a girma bai taru ba tukuna.

Saboda haka ne ƙungiyoyin ƙwararru na Amurka da Turai, waɗanda suka fitar da jagora tsakanin 2020 da 2023, suka amince a dasa mai gauraye amma bayan an zauna da masanin gado ya yi bayani. Ga wadda ke son tabbaci bayan ciki ya shiga, gwajin da ya fi dacewa shi ne a ɗebo ruwan da jariri ke kwance a ciki da allura, daga mako na 15 ko 16, domin ƙwayoyin da ke cikinsa na jaririn ne. Gwajin jinin uwa da gwajin mabiyiya duk labarin mabiyiya suke kawowa, wato ɓawon nan da aka riga aka gwada.

A nan ne shawarar da aka rubuta a Turai ke cin karo da ƙasar da muke ciki. Masu rubuta ta suna magana ne da macen da, idan sakamakon ya zo da muni, doka ta ba ta zaɓi. A arewacin Najeriya dokar laifuka ta halatta zubar da ciki ne kawai domin ceton ran uwa. Macen Mando da aka ɗebi ruwan cikinta a wata na huɗu za ta samu sani, za ta iya shirya inda za ta haihu da likitan yaran da zai karɓa, amma shi ke nan. Masana gado masu ba da shawara kuma ba su da yawa a ƙasar, balle wanda zai yi bayanin da Hausa. Wannan ya sa tattaunawar da ake yi kafin dashe ta fi muhimmanci a wurinmu fiye da a Rum ko Landan.

Shin gwajin ma ya cancanci kuɗinsa?

Tambaya ce da ya kamata a yi tun kafin a kai ga maganar gauraye. A 2019 aka wallafa wani gwaji da aka yi a kan mata 661 masu shekara 25 zuwa 40 a Amurka, Kanada, Birtaniya da Ostiraliya, inda aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu da PGT-A wasu babu. Ba a samu bambanci mai ma'ana a ɗorewar ciki ba, sai dai alamar amfani ga masu shekara 35 zuwa 40. A 2021 wani gwaji a Sin mai mata 1,212, dukansu 'yan ƙasa da shekara 38 masu kyawawan 'yan tayi aƙalla uku, ya nuna kashi 77.2 na waɗanda aka yi wa gwajin sun haihu, waɗanda ba a yi wa ba kuma kashi 81.8. A rukunin masu gwajin ba a dasa masu gauraye ba. Hukumar da ke sa ido a kan harkar a Birtaniya, HFEA, ta ba PGT-A jan maki wajen ƙara yiwuwar samun haihuwa ga akasarin mata, ta ba shi kore wajen rage ɓari. Dalilin a fili yake: gwaji ba ya gyara ɗan tayi, tacewa kawai yake yi, kuma duk matacin da ya cika ƙanƙanta yana riƙe har da abin da ake so.

Wannan dabam yake da gwajin sikila, kuma bai kamata a rikita su ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu cutar, kimanin jarirai 150,000 a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta. Ma'aurata masu AS da AS suna zuwa IVF domin a zaɓo musu ɗan tayin da ba SS ba, da wani gwaji mai suna PGT-M wanda ke neman canji guda sananne, kuma ya fi tabbas nesa ba kusa ba. Amma da yake samfurin ɗaya ne, akan haɗa musu da PGT-A. A yi lissafi: ɗaya bisa huɗu sun fita saboda SS, wasu sun fita saboda rashin daidaito, idan aka sake fitar da masu gauraye, ma'auratan da suka fara da 'yan tayi biyar na iya tashi da babu. A irin wannan gida, ɗan tayi mai AA da ƙaramin gauraye ba abin watsarwa ba ne da sa hannu guda.

Sana'a mai miliyoyi, babu mai duba ta

IVF ba baƙo ba ne a Najeriya. Bayan haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara aikin a Legas cikin shekarun 1980, a 1998 kuma aka haifi jaririya ta wannan hanya a Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada. Yau cibiyoyin sun yawaita, mafi yawansu masu zaman kansu ne, kuma ma'aurata daga aljihunsu suke biya. Zagaye guda miliyoyin naira ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta taɓa wasu gefuna, kamar haramta kwaikwayon halittar ɗan Adam, amma ba ta tsara yadda cibiyar IVF za ta yi aiki ba. An sha gabatar da ƙudurori a Majalisar Tarayya ba su zama doka ba. Jihar Legas ta fitar da nata ƙa'idojin a 2019. Ƙungiyar ƙwararrun fannin tana da jagorori ga mambobinta, akwai kuma rajistar Afirka da cibiyoyi ke aika wa alƙaluma, amma bisa ganin dama. Ma'anar wannan ga matar Mando ita ce babu dokar da ta tilasta a gaya mata iyakar da ɗakin gwajin ya yi amfani da ita, babu wadda ta hana a lissafa mai gauraye cikin marasa daidaito ba tare da an bambanta mata ba, kuma babu rumbun gwamnati da za ta duba ta ga jarirai nawa cibiyar ta samar daga dashe nawa. Duk alƙaluman sakamakon dashe da aka kawo a wannan rubutu daga ƙasashen waje suke.

Ba a cewa cibiyoyi na watsar da 'yan tayi domin su sayar da sabon zagaye. Likita na iya ƙin dasawa saboda tsoron abin da zai biyo baya idan aka haifi nakasasshe, kuma tsoro ne mai dalili. Amma tsarin da mai ba da shawarar a watsar shi ne zai karɓi kuɗin sakewa yana bukatar idon wani na uku. A Ostiraliya, a 2024, kamfanin Monash IVF ya amince ya biya dalar ƙasar miliyan 56 domin sasanta ƙarar da majinyata sama da 700 suka shigar, kan zargin cewa wani nau'in gwaji na daban ya ayyana 'yan tayinsu a matsayin marasa kyau bisa kuskure. Kamfanin bai amsa laifi ba. Abin lura shi ne can akwai takardu, akwai hukuma, akwai kotun da za ta iya bin sawu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A cikin al'ummarmu kowa ya san a kan wa ake ɗora laifin, ko da kuwa matsalar daga namiji take, kamar yadda take a kaso mai yawa. Zagayen da ya ƙare babu dashe yana iya zama silar kishiya ko takardar saki. Batun addini ma bai goyi bayan sakaci ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta IVF tsakanin miji da mata a zamanta na Amman a 1986, a zaman Jidda na 1990 kuma ta ja hankali cewa a guji samar da 'yan tayin da suka wuce bukata. Cocin Katolika ba ta amince da IVF ba gaba ɗaya, wasu ɗariƙun Kirista sun amince da sharaɗi. Duk wanda ya yarda a yi, zai so ya san a kan wace hujja aka ce wannan ba zai rayu ba.

Kafin Majalisa ta farka, ko Majalisar Dokokin Kaduna ta bi sahun Legas, kariyar da ta rage wa ma'aurata ita ce tambaya, kuma lokacin yin ta shi ne kafin a tsinki samfuri, ba bayan takarda ta dawo ba. Shin ina cikin matan da wannan gwaji ke amfana, da shekaruna da yawan 'yan tayina? Wane ɗakin gwaji za a kai, kuma daga kashi nawa zuwa nawa yake kira gauraye? Takardar za ta nuna wane kuromosom ne, guntu ne ko cikakke, kashi nawa? Cibiyar tana dasa masu gauraye, kuma me takardar amincewar da zan sa wa hannu ta ce a yi da su? Idan matar misalinmu ta samu cewa 'yan tayinta biyu masu ƙaramin gauraye ne, abin da binciken Italiya ya nuna shi ne damarta ba ta bambanta da ta wadda aka rubuta wa lafiyayye ba. Idan sun wuce rabi, damar ta ragu sosai, kuma tana bukatar zama na musamman da masani. Idan cibiyar ta ce ita ba ta dasawa, ana iya ci gaba da ajiye su a daskare na tsawon shekaru, ana kuma iya ɗaukar su a tankin sanyi zuwa wata cibiya da ta yarda, sai dai kuɗin ajiya da na jigila wani lissafi ne da ya kamata a rubuta mata tun ranar farko.